Tsohon Gida Mai Sassa Da Yawa A Biranen Amurka: Jari Ne Ko Rijiya?

Wane irin gida ake nufi?

Gidajen da suka kai shekara ɗari ko fiye, kowane hawa da iyalinsa. A Boston akwai na katako masu hawa uku, a Shikago kuma na bulo masu hawa biyu. Yawancinsu ma'aikata da baƙi 'yan ci-rani aka gina wa.

Me ya sa ake rububinsu?

Na farko dai wuri: suna cikin gari, kusa da tasha da wuraren aiki. Na biyu, haya daga ƙofa uku ta fi daga ƙofa ɗaya kwanciyar hankali, domin in ɗan haya ɗaya ya tashi, sauran suna biya. Wanda zai zauna a sashe ɗaya na gida mai sassa 2 zuwa 4 kuma yana iya samun bashin da FHA, hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya, ta tsaya wa, ya ba da kafin alƙalami na kashi 3.5 cikin ɗari.

Gwamnati na sa hannu a gyaran?

Tana sawa. Akwai rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyara, muddin ginin na cikin waɗanda aka tabbatar na tarihi ne kuma yana kawo kuɗin shiga. Tun dokar haraji ta 2017, cikin shekara biyar ake cin moriyarsa. Sashen da mai gida ke zaune ba ya ciki. Hukumar National Park Service, mai kula da gandun daji da wuraren tarihi na ƙasa, ce ke amincewa da aikin, kuma shawarata a nemi amincewarta kafin a ɗora guduma. Mutum ya cire tagogin katako na asali ya sa na roba, yana iya rasa rangwamen baki ɗaya.

To, ina hatsarin yake?

A bayan bango. Mai saye yakan ruɗu da matakala mai sassaƙa da dogon rufi, sai an fasa bango a tarar da wayar lantarki ta da, wadda kyallen da aka naɗe ta da shi ya ruɓe, ga bututun ruwa tsatsa ta toshe. Sai fenti mai dalma, wanda aka hana amfani da shi a gidaje a 1978. Wannan ya fi damuna, domin ƙurarsa na taɓa ƙwaƙwalwar yara ƙanana, kuma a lokacin kankare bango take tashi. In akwai 'yan haya masu yara a hawan ƙasa, a samar musu masauki tukuna kafin ma'aikata su shiga.