Lambar da ta shigo wayarka, kada ka karanta wa kowa

A 'yan watannin nan da wuya mako ya wuce ban zauna da wanda aka yashe wa asusun banki ba. Aikina zagayawa ne ina koya wa jama'a yadda ake hulɗa da banki ta waya, kuma a da tambayoyin da nake sha ba su wuce yadda ake tura kuɗi da yadda ake duba abin da ya rage ba. Yanzu kuwa sai mutum ya jira taro ya watse, ya matso kusa da ni, ya rage murya ya ce, "Malama, an kwashe mini kuɗi, kuma wallahi katina yana aljihuna, ban ba kowa ba." Na yarda bai ba da kati ba. Tambaya ɗaya nake yi masa: "Akwai wanda ya kira ka ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka?" Sai ya sunkuyar da kai. Daga nan na san sauran labarin.

Jama'a, na gaji da ganin wannan sunkuyar da kai. Lambar nan da banki ke turowa ta saƙo, wadda ake kira OTP, ba a karanta wa kowa ita. Ko ma'aikacin banki, ko ɗan sanda, ko wanda ya ce shi manaja ne, ko ni da nake wannan rubutu. Na faɗa a taro, na faɗa a gidaje, muryata har ta dushe, amma gobe sai ga wani ya zo da hawaye.

Mutane suna tambayata yadda ɓarawo ya san sunansu da kalmar sirrinsu tun farko. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yawanci tsagewar ba a banki take ba. Kalmar sirri ɗaya kuke sa wa komai: ita ce ta imel, ita ce ta Facebook, ita ce ta shafin da kuka taɓa yin rajista shekara biyar da suka wuce kuka manta, kuma ita ce ta banki. Waɗannan shafuka ana yi musu kutse. A 2013 an kutsa cikin kamfanin Yahoo, daga baya kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi asusu biliyan 3, wato duk masu asusu a wurinsa. An yi wa shafin LinkedIn irin wannan kutsen a 2012. A farkon 2019 wani masanin tsaron intanet ɗan Ostireliya, Troy Hunt, ya bayyana wani tarin bayanan sata mai adireshin imel kusan miliyan 773 haɗe da kalmomin sirri. Irin waɗannan bayanai sayar da su ake yi, masu saye kuma su ɗora wa kwamfuta ta dinga gwada su ɗaya bayan ɗaya a ƙofofin bankuna har ta dace da wadda ta buɗe. Wani kuma saƙo aka turo masa da mahaɗi, wato link, ya danna, ya ga shafi sak na bankinsa, ya rubuta komai da hannunsa ya miƙa.

To ɓarawo ya zo ƙofa da mabuɗi a hannu. Banki ya ga baƙuwar waya na son shiga asusunka, sai ya ce bari in tabbatar, ya turo maka lamba a layinka. Wannan lambar ita ce sakata ta ƙarshe, kuma tana ɓangarenka, daga ciki. Ɓarawo ba ya ganin ta. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya kira ka ya roƙe ka ka zare masa sakatar. Kuma kuna zarewa! Wannan ne abin da ke ƙona mini rai.

Ga yadda kiran yake, don na ji shi daga bakin mutane da yawa har na haddace. Murya mai ladabi, ya gaishe ka da cikakken sunanka, wani lokaci har ya faɗi lambobin ƙarshe na asusunka. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzu haka wani na ƙoƙarin cire kuɗi daga asusunka, muna so mu tare shi. Za ka ga saƙo ya shigo, karanto mini lambar da sauri." Ko ya ce za a rufe asusun yau idan ba a sabunta bayanai ba. Ba zai bar ka ka numfasa ba, don ya san lambar 'yan mintuna kaɗan take yi ta mutu, kuma ya san idan ka samu minti biyu ka yi tunani ya rasa ka. Kada sanin sunanka ya ruɗe ka, sunan ma cikin kayan satar yake. Kada kuma lambar da ta bayyana a fuskar waya ta ruɗe ka, suna da dabarar da za ta sa kira ya fito kamar daga banki yake.

Wani dattijo ya ce mini, "'Yata, yaron nan ya yi mini magana da mutunci, ya ma fi wasu ma'aikatan na gaskiya haƙuri." Na ce, "Baba, ai sana'arsa ke nan." Na karɓi wayarsa na buɗe saƙon na nuna masa: a jikin saƙon, ƙasan lambar, banki ya rubuta kada a ba kowa. Bai karanta wurin ba, lambar kawai idonsa ya nema saboda ana azalzalarsa a kunne. Na tausaya masa ƙwarai, kuɗin da ya daɗe yana tarawa ne. Amma na ga irin wannan a wurin malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da matasan da ke kwana a kan waya suna ganin sun fi kowa wayewa. Su waɗannan ba ni da uzurin da zan ba su.

Da zarar ka karanta lambar, aiki ya ƙare. Zai shiga, ya canza kalmar sirri don kada ka iya komawa, sau da yawa ya canza layin da alat ke zuwa don kada ka ga abin da ke fita. Sai ya rarraba kuɗin zuwa asusun wasu mutane da ya tanada, su kuma su cire ko su ƙara turawa gaba. Cikin mintuna ake gama wannan. A nan ma ina da magana da matasa: duk wanda ya ce ka ara masa asusunka a turo kuɗi ya ba ka wani abu a ciki, sunanka ne zai fito idan bincike ya zo, ba nasa ba.

Abu na biyu da ke ɓata mini rai shi ne kunya. Mutum ya gane an cuce shi da rana, amma sai ya kwana biyu yana juyayi, yana tsoron a ce masa wawa, kafin ya sanar da banki. Kwana biyu! Kuɗin da da an kira nan take wataƙila a tare su a asusun farko, sun riga sun bi hannu huɗu. Ku cire kunyar nan. A watan Fabrairun 2016, da bayanan shiga na sata aka fitar da dala miliyan 81 daga asusun Babban Bankin Bangaladash, banki mai ƙwararru da injuna. Ba kai ne na farko ba, kuma babu mai hankalin da zai yi maka dariya. Ka zo mu kira tare idan kana jin nauyi, na sha yi wa mutane haka.

Akwai wata hanyar da ba sa ma buƙatar kiranka: su yaudari kamfanin waya a mayar da layinka kan sabon sim da ke hannunsu, lambar ta dinga zuwa musu kai tsaye. Haka aka ƙwace shafin Jack Dorsey na Twitter a 2019, lokacin shi ne shugaban kamfanin. Alamar ita ce layinka ya ɗauke gaba ɗaya alhali na mutanen da ke kusa da kai yana aiki. Kada ka ce matsalar sabis ce ka kwanta barci.

Ku da kuke buɗe wa iyayenku manhajar banki, ku ji tsoron Allah. Ka sa wa mahaifiyarka shekarar haihuwarta ko 123456 a matsayin kalmar sirri, ka miƙa mata waya ka yi tafiyarka, ba ka zauna ka ce mata "Mama, duk wanda ya nemi lamba ki kashe wayar ki kira ni" ba. Minti biyar ne fa.

Ga abin yi, a taƙaice:

- An kira an nemi lamba, ko PIN, ko kalmar sirri: kashe wayar. Ba sai ka yi sallama ba.
- Ka kira banki da kanka ta lambar da ke bayan katinka, ba wadda ta kira ka ba.
- Kalmar sirrin banki ta zama daban da ta ko'ina, ta imel ma haka. Yau za ka canza, ba gobe ba.
- Kada ka shiga banki ta mahaɗin da aka turo a saƙo. Buɗe manhajar da kanka.
- Lamba ta shigo ba kai ka nema ba: wani na bakin ƙofa da mabuɗinka, canza kalmar sirri nan take.
- Layi ya ɗauke babu dalili: sanar da banki tukuna, sannan kamfanin waya.
- Ka riga ka karanta: kira banki a rufe asusun a cikin wannan mintin, ka adana saƙonnin, ka kai rahoto ga hukuma.

Makon jiya wata baiwar Allah ta tare ni bayan taro, na ɗauka ita ma irin labarin ne, gabana har ya faɗi. Sai ta ce an kira ta, an faɗi sunanta, an ce ta karanto lamba. Ta ce masa, "Ɗan nan, bari in zo ofishin naku in karanta muku a can." Shi ya fara kashe wayar. Mun zauna a wurin muka canza mata kalmar sirri, don tunda lamba ta shigo, tsohuwar tana hannunsu.