Waiwaye: zamanin da Amurkawa suka riƙa haƙa ramin ɓuya a gida saboda tsoron bam ɗin nukiliya

Ranar Asabar 13 ga Janairun 2018, wajen ƙarfe takwas na safe, saƙo ya faɗo wayoyin mutanen jihar Hawai ta Amurka cewa ga makami mai linzami nan ya taso musu, kowa ya nemi mafaka yanzu-yanzu, kuma wannan ba atisaye ba ne. Sai da aka shafe minti 38 sannan aka turo wani saƙon wai kuskure ne. A cikin ɗan wannan lokacin wasu sun shige banɗaki da yaransu sun kulle, wasu sun buga wa iyaye waya suna bankwana, har an ga bidiyon wani mutum yana zura yarinya cikin ramin magudanar ruwa a bakin titi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yawancinsu ba su ma san inda za su nufa ba, alhali kakanninsu shekara sittin baya kusan ba su da wata hira sai ta ramin ɓuya.

Asalin abin, bayan Amurka ta jefa wa Hiroshima da Nagasaki bam a watan Agustan 1945 ita kaɗai ce mai shi a duniya, hankalinta kwance. Ba a rufa shekara biyar ba, a Agustan 1949, Tarayyar Sobiyet ta gwada nata a Kazakistan, daga nan fa barci ya ƙaurace. Shugaba Truman ya kafa hukumar kare farar hula, aka shiga koya wa ƴan makaranta cewa da zarar sun ga wani haske mai kashe ido su faɗa ƙarƙashin tebur su rufe kai da wuya, har katun aka yi musu da wani kunkuru mai shigewa cikin ƙoƙonsa. A birnin New York an raba wa ɗalibai ƙarfen wuya irin na sojoji mai ɗauke da suna da adireshi, kuma yaran nan ba su rasa gane dalili ba, don a gane gawa ne. Waɗanda suka yi firamare a lokacin, yanzu tsofaffi ne tukuf, idan suna ba da labari abin da suka fi ambata shi ne kukan jiniya da sanyin daɓen aji da tunanin ko za su sake ganin uwarsu. Mutane da yawa yau suna raina wannan shiga ƙarƙashin tebur ɗin, amma gaskiya ga wanda ke nesa da inda bam ya faɗa yana iya kare shi daga fasassun gilashi da ƙunar hasken. Wanda ke kusa kuwa, ba tebur ba ko gini ne ba abin da zai yi masa.

Abin da ya sauya lissafi gaba ɗaya ya faru ne ranar 1 ga Maris 1954, lokacin da Amurka ta gwada bam ɗin haidirojin a tsibirin Bikini da ke tekun Fasifik. Ƙarfinsa ya kai megatan 15, ya ninka abin da masanan suka yi zato fiye da sau biyu, ya kuma ninka na Hiroshima kusan sau dubu. Ya niƙe duwatsun teku ya cilla su sama, iska ta kwasa. Akwai wani jirgin kamun kifi na Japan mai mutum 23 da ke can nesa, bayan wasu awanni sai ga wata farar toka tana zubo musu daga sama, tana shiga ido da gashi da wuyan riga, ta taru a kan jirgin har sawun ƙafa na fitowa idan an taka, ɗaya daga cikinsu ma ya ɗanɗana ya ji kamar yashi ba wani ɗanɗano. Kafin dare sun fara amai, kafin su isa gida fata ta fara saɓulewa gashi na zubewa, mai kula da rediyon jirgin Kuboyama Aikichi ya rasu a watan Satumba. A tsibirin Rongelap kuma yara ne suka fita suna wasa da tokar, ba a zo an kwashe mutanen ba sai bayan kwana biyu, daga baya da yawa cikin yaran suka kamu da ciwon maƙoshi har da ciwon daji. Daga ranar nan duniya ta gane ba sai bam ya faɗo garinku ba, burɓushinsa kaɗai zai iya biyo iska ya same ka a gadonka.

To a nan ne maganar ramin gida ta samu gindin zama, kuma dabarar ba shirme ba ce. Ramin ba an yi shi don tare bugun bam ba ne, an yi shi don ya shiga tsakaninka da tururin nukiliya mai cutarwa, wanda ido ba ya gani, da ke fita daga burɓushin. Ƙasa dannanniya mai kaurin kamar santimita 9 tana rage tururin da rabi, in ka tara kusan mita ɗaya a kanka sai ya koma kashi ɗaya cikin dubu. Sannan ƙarfin burɓushin yana raguwa da sauri, bayan awa 7 ya koma kashi ɗaya cikin goma, bayan kwana biyu ɗaya cikin ɗari, bayan sati biyu ɗaya cikin dubu. Shi ya sa ko'ina ka duba a takardun lokacin sati biyu ake cewa a zauna a ciki.

Ka kwatanta ɗakin a ranka. Galibi lungu ne a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gida, a ja bangon bulo na siminti a lanƙwasa ƙofar don kada tururi ya shigo kai tsaye, faɗinsa bai wuce ɗan ƙaramin shago ba. Gado mai hawa-hawa, kanta cike da abincin gwangwani da madarar gari, jarkokin ruwa, tocila da batir, akwatin magani, injin iska da ake juyawa da hannu, sai bokiti mai murfi da ledoji a madadin masai. Da rediyo, wanda a lokacin ana yi masa ƴar alama a kan lamba 640 da 1240, tashoshin da gwamnati za ta yi magana idan ta faru. Mutum shida a nan, uba da uwa da yara, kwana 14, ba taga ba wanka.

Zazzaɓin ya kai ƙololuwa a 1961. Rikicin Amurka da Sobiyet kan birnin Balin na Jamus ya yi zafi, ranar 25 ga Yuli Shugaba Kennedy ya fito talbijin ya nemi majalisa ta ba shi dala miliyan 207 don tanadar mafaka, ya kuma ce zai sanar da kowane magidanci matakin da zai ɗauka don kare iyalinsa. Sati uku ba su cika ba aka fara katangar Balin. A Satumba mujallar Life ta fito da wasiƙar Kennedy a ciki tare da iƙirarin cewa mutum 97 cikin 100 za su iya tsira, maganar da masana da yawa suka ce an cika mata gishiri. A ƙarshen Oktoba Sobiyet ta fasa bam mai megatan 50, wanda har yau ba a taɓa fasa kamarsa ba. Kamfanoni suka ɓullo kamar jamfa a Jos, masu gina wurin ninƙaya suka koma sayar da rami, na kirki da ƴan damfara duk a kasuwa ɗaya.

Wurin da labarin ya fi taɓa ni kenan, don daga maganar siminti sai aka koma maganar maƙwabci. Ramin na mutum shida ne, iska da ruwan na mutum shida ne, to idan jiniya ta yi kuka maƙwabcinka ya zo da jaririnsa yana buga ƙofa fa? Mujallar Time ta ruwaito wani mutumin gefen Chicago yana cewa idan ya gama nasa zai kafa bindiga mai jigida a bakin ƙofa saboda maƙwabta. Wani limamin Katolika, Fada McHugh, ya rubuta cewa magidanci na da hurumin amfani da ƙarfi ya hana wasu shiga, wasu manyan malaman coci kuma suka taso masa suka ce ba addinin da zai yarda da haka. A Las Vegas wani jami'in kare farar hula har shawara ya kawo a tanadi mutum dubu biyar da makamai don korar ƴan gudun hijirar da za su kwararo daga Kalifoniya. Wasu suka riƙa gina nasu a ɓoye kar unguwa ta sani. Bam bai faɗo ba, ko ɗaya, amma an riga an shiga nafsi-nafsi, mutumin da kuke gaisawa kullum da safe ya zama wanda kake lissafin yadda za ka hana shi numfashi. Ni a ganina wannan ita ce babbar ɓarnar da tsarin ya yi, gwamnati ce ta ƙera makamin ta kuma ja rigimar, sannan ta juyo ta ɗora wa magidanci nauyin tsira a kan aljihunsa.

Kuma wa ke da aljihun? Na bulo da za ka yi da hannunka an ƙiyasta dala 150 zuwa 200, na kamfani kuwa ya kan haura dubu, a lokacin da matsakaicin iyali ba ya samun dala dubu 6 a shekara. Ɗan haya a bene hawa na biyar, ko talakan tsakiyar birni wanda yawanci baƙar fata ne, ina ya ga filin haƙa rami? Surutu ya yi yawa har gwamnati ta karkata ga mafakar jama'a, aka bi makarantu da ofisoshi da bankuna ana liƙa allon alamar mafaka mai launin ɗorawa da baƙi, aka zuba durom-durom na ruwa da gwangwanayen busasshen biskit da alawa, abin da zai ba mutum kamar kalori 700 a rana. Su kuwa ƴan majalisa an gina musu nasu a asirce ƙarƙashin otal ɗin Greenbrier a jihar West Virginia, gado sama da dubu, ba a fallasa shi ba sai 1992.

Oktoban 1962 aka zo gaɓar da kowa ke tsoro, rikicin makaman Sobiyet a Kyuba, kwana 13 duniya na kan siraɗi, kantuna suka cika da masu sayen gwangwani da ruwa. Allah ya kiyaye aka sasanta. Abin mamaki daga nan kasuwar rami ta mutu, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne gidaje kusan dubu 200 ne suka gina, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 180. Jama'a sun yi nasu lissafin, in ka fito bayan sati biyu me za ka tarar? Ramukan suka koma sito, wasu ruwa ya cika su, biskit ɗin ya lalace. Zamanin Shugaba Reagan maganar ta ɗan dawo, har wani babban jami'in ma'aikatar tsaro, T.K. Jones, ya ce in dai shebur ya wadata kowa zai tsira, mutane suka yi masa ca.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanyar. Suwizalan ta yi doka a 1963 cewa duk sabon gidan zama sai da mafaka, wanda bai gina ba ya biya kuɗin gurbi a ta jama'a, yau suna da mafaka kusan dubu 370 da gurbin da ya ishi kowa da ke ƙasar. Finlan ma haka, a Helsinki akwai wurin ninƙaya da filayen wasa a cikin dutse waɗanda za a iya mayar da su mafaka. Aƙalla a can ba za ka tsaya a ƙofa kana zaɓen wanda zai rayu ba. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 sai ga mutanen Turai suna tambayar ina tasu mafakar take, suna wawar ƙwayar ayodin, maganin da ke kare maƙoshi daga burɓushin nukiliya, a kemis.

Abin da ya rage burɓushin a zahiri ba rami ba ne. A birnin St. Louis likitoci da iyaye mata suka riƙa tara haƙoran famfara na yara, sama da dubu 300, aka auna aka ga sinadarin sitirontiyam 90 na gwaje-gwajen bam yana ƙaruwa a ciki, ya sauka a ciyawa saniya ta ci ya bi madara ya zauna a ƙashin yaro. Wannan na cikin abubuwan da suka tayar da hankalin jama'a, a Agustan 1963 Amurka da Birtaniya da Sobiyet suka sa hannu a Mosko kan daina gwaji a sararin sama da cikin ruwa. Faransa da Sin ba su sa ba.

Kuma kar mu ɗauka abin can nesa ne da mu. Ranar 13 ga Fabrairun 1960, lokacin hunturu bai gama wucewa ba, Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya, mai ƙarfin kilotan 70, ya ninka na Hiroshima fiye da sau huɗu. Duk wanda ya san daga inda iskar hunturu ke kwaso mana hazo ya san dalilin da ya sa hankalin mutanen Afirka ta Yamma ya tashi tun kafin a yi gwajin. Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa a Gana. Da aka yi gwaji na uku a Disamba, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas a Janairun 1961, ta hana jiragensu na sama da na ruwa shigowa, Najeriya tana da wata uku kacal da samun ƴanci. Wata taswirar sojan Faransa da aka fito da ita bayan shekara hamsin da ɗoriya ta nuna burɓushin gwajin farko ya bazu har Afirka ta Yamma da kudancin Turai. Wato a daidai shekarun da ake gardama a Chicago kan wa za a bari ya shiga rami, ana fasa bam na gaske a kan makiyaya da mutanen zango waɗanda ba wanda ya ba su takarda ko allo ko biskit.

Gwaji 17 Faransa ta yi a Sahara daga 1960 zuwa 1966. A 2010 ta yi dokar biyan diyya ga waɗanda gwaje-gwajenta suka cutar, amma zuwa 2021 ɗan Aljeriya ɗaya tal aka biya. Har yanzu Aljeriya na neman a ba ta taswirar wuraren da aka binne motoci da ƙarafan da suka gurɓata a cikin rairayi.