Sankarar jini ba hukuncin kisa ba ce

An daɗe ana ɗauka cewa duk wanda likita ya ce yana da sankarar jini, sai dai a yi masa fatan cikawa da imani. A shekarun 1960 zaton bai yi nisa da gaskiya ba. Yanzu kuwa, a nau'in da ya fi kama yara, kusan 9 cikin 10 na rayuwa inda magani ya wadata.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne maganin da ke sa garkuwar jikin majinyaci ta yaƙi cutar da kanta. A 2017 Amurka ta amince da hanyar CAR-T: a ɗebi ƙwayoyin garkuwa daga jinin majinyaci, a gyara su a ɗakin gwaji yadda za su riƙa gane alamar CD19 a jikin ƙwayar sankara, sannan a mayar masa da su. Yaran da sauran magunguna suka gaza a kansu, da yawa sun samu sauƙi.

Sai dai hanyar na da tsada ƙwarai, tana iya jawo zazzaɓi mai haɗari, kuma ba kowace sankarar jini take yi wa aiki ba.