Kaucewar muryar ƙaramin yaro a waƙa ba rashin baiwa ba ce

An daɗe ana cewa ɗan shekara 2 ko 3 da muryarsa ke kaucewa a waƙa ba shi da baiwarta. Ba haka ba ne. Yaro yakan fara kama kalmomi da hawa da saukar murya, daidaita kowane sauti kuwa galibi sai bayan shekara 5. Muryarsa siririya ce, ba ta iya sauka ƙasa sosai, shi ya sa bin babba mai kakkaurar murya ke ba shi wuya.

Ku gwada: ku ɗan siranta murya, ku rera gajeren baiti a hankali, ku saurara ko yana hawa inda kuka hau. In yana yi, yana kan hanya, kada a ce masa ya yi shiru. In kuwa ba ya waigowa idan an kira shi, a duba jinsa. Don Allah ku tura wa iyaye wannan bayani.