Mulkin Mongol a Ƙasar Rasha: Yadda Ya Kafu da Yadda Ya Kuɓuce

Wanda ya karanta tarihin Musulunci ta ƙofa ɗaya ya san Mongol: su ne Tatar ɗin da suka rusa Bagadaza a 1258, suka kashe halifa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kusan shekara ashirin kafin nan wani reshe na gidan ya riga ya durƙusar da garuruwan Rasha, kuma ikonsa a kansu ya kai wajen shekara 240.

Waɗanda suka ci Rasha su ne suka ci Bagadaza?

Gida ɗaya ne, 'ya'yan wa da ƙane. Hulagu na Bagadaza da Batu na Rasha duk jikokin Jengis Khan ne, wanda ya kafa daular Mongol. Uban Batu, Jochi, shi ne babban ɗa, kuma yammacin daular ne rabonsa. Sunan da ya fi yaɗuwa yau, Rundunar Zinariya, daga baya aka laƙaba wa wannan reshe na Batu. A zamaninsu ana kiran ƙasar da sunan Jochi ne.

Ita ma Rasha a lokacin ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce. Garuruwa ne na mutanen Rus, irin su Kiev da Vladimir da Novgorod da Ryazan, kowanne da yarimansa, duk zuriya ɗaya amma kullum cikin rikicin gadon sarauta. Wani ɓangare na ƙasar tasu yana cikin Ukraine da Belarus na yau.

Ta yaya suka ci ƙasa mai wannan faɗi?

Sun fara leƙowa a 1223, lokacin da kwamandojin Mongol, Jebe da Subutai, suka murƙushe haɗin gwiwar yarimomin Rus a bakin kogin Kalka, sannan suka koma gabas. Mutanen Rus suka ɗauka wata annoba ce ta zo ta wuce, ba su yi wani shiri ba.

Batu ya zo da gaske a ƙarshen 1237, kuma da tsakiyar hunturu ya zo, lokacin da kowa ke ganin ba mai fita yaƙi. Koguna sun daskare sun zama hanyar dawakai. Ryazan ta faɗi a Disamba, Vladimir a Fabrairun 1238, babban yarima Yuri ya mutu a yaƙin kogin Sit cikin Maris. Kiev ta faɗi a Disamban 1240. Kowane gari shi kaɗai ya tsaya, shi kaɗai aka cinye shi. Ƙaramin garin Kozelsk ne ya yi taurin kai har mako bakwai. Novgorod kuwa rundunar ba ta kai gare ta ba, amma hakan bai hana ta biyan haraji daga baya ba.

Sun zauna a garuruwan suna mulki da kansu?

A'a, kuma nan ne asirin daɗewarsu. Makiyaya ne, daji mai duhuwa da fadama ba wurin dawaki da tumaki ba ne. Suka kafa fadarsu a Sarai, can ƙasan kogin Volga inda kiwo yake, suka bar yarimomin a kan kujerunsu da sharaɗi. Duk mai son sarauta sai ya yi tattaki zuwa wurin khan, wato sarkin Mongol, ya kai gaisuwa, ya faɗi, a ba shi takardar naɗi da suke kira yarlik. Wanda ya ba ka yau yana iya ba ɗan uwanka gobe. Tafiyar kanta kasada ce: a 1246 an kashe Mikhail na Chernigov a sansanin Batu saboda ya ƙi yin al'adar gaisuwar fada, a shekarar kuma Yaroslav na Vladimir ya mutu bayan an kira shi har Karakorum a Mongoliya.

Tsakanin 1257 da 1259 aka yi ƙidayar jama'a don yanka haraji da ɗibar mayaƙa. Aka turo jami'ai da ake kira baskak, aikinsu kusan irin na jakada a wurinmu: ya zauna a ƙasa, ya sa ido, ya tabbatar kuɗi sun isa wurin mai ƙasar da ke zaune nesa. A 1262 garuruwa da dama, ciki har da Rostov da Suzdal, suka tashi suka kori masu karɓar harajin. Sannu a hankali aikin tarawa ya koma hannun yarimomin da kansu, abin da ya fi wa khan sauƙi da arha.

Aleksanda Nevsky, wanda Rashawa ke girmamawa saboda ya kori mutanen Suwidin a 1240 da mayaƙan Jamusawa a 1242, shi ne ya tilasta wa Novgorod ta yarda da ƙidayar. Har yau ana gardama ko hikima ce ya yi ko miƙa wuya. A ganina lissafi ya yi: na yamma suna son ƙasa da addini, na gabas azurfa kawai suke so.

Sun taɓa addinin mutane?

Ba su taɓa ba. Cocin Otodoks ma riba ta ci: an ɗauke mata haraji a kan ta riƙa yi wa khan addu'a, kuma tun 1261 akwai bishop a Sarai kanta.

Su ne ma suka sauya addini. Berke, ƙanen Batu, ya musulunta, ya yi yaƙi da Hulagu, ya ƙulla abota da Baibars, sarkin Masar. A zamanin Uzbek Khan, 1313 zuwa 1341, Musulunci ya zama addinin daular. Ibn Battuta ya sauka a fadarsa, wato matafiyin da daga baya ya bi ta Takedda a ƙasar Nijar ta yau. Ya kamata a tuna kuma cewa Mongol na asali 'yan kaɗan ne a cikin talakawansu masu harshen Turkawa, har suka narke a cikinsu. Shi ya sa Rashawa suka tsaya a kan sunan Tatar.

To ina Mosko ta fito a cikin wannan labari?

Lokacin da Batu ya ƙone ta a 1238, Mosko ƙaramin gari ce da ba a lissafa ta cikin manya. A inuwar khan ta girma. Babbar kishiyarta Tver ce, kuma ba da takobi kaɗai aka yi kishin ba, an yi da kyauta da tsegumi a fada. Yuri na Mosko ya auri 'yar uwar Uzbek, kuma ƙarar da ya kai ce ta sa aka kashe Mikhail na Tver a 1318.

A 1327 mutanen Tver suka kashe wakilin khan da jama'arsa. Wa ya shiga gaban rundunar da ta je hukunta su? Ivan na Mosko, wanda ake yi wa laƙabi da Kalita, wato jakar kuɗi. Ladansa shi ne babbar sarauta da damar tara harajin sauran garuruwa. Mai raba nama ba ya kwana da yunwa: Ivan ya faɗaɗa ƙasa, ya jawo mutanen da ke neman inda hare-hare ba sa kaiwa, shugaban coci ma ya tare a Mosko. Da hannunsu masu Sarai suka yi kiwon wanda zai gaje su.

Ba yaƙin Kulikovo ne ya 'yantar da Rasha ba?

Haka ake koyar da yara, amma da gyara. A Satumban 1380 Dmitri na Mosko ya ci Mamai a filin Kulikovo kusa da kogin Don, kuma nasara ce ta gaske. Sai dai Mamai ba khan ba ne, ba jinin Jengis ba ne, kwamanda ne da ya riƙe yammacin daular. Shekara biyu kacal bayan haka Tokhtamish, wanda ya haɗa kan daular, ya ƙone Mosko, aka koma biyan haraji.

Me ya karya su ke nan?

Daga cikin gida ɓarakar ta fara. Annobar da ta ratsa duniya ta faɗa wa garuruwansu a 1346. Daga 1359 aka shiga rikicin sarauta na kimanin shekara ashirin, khan fiye da ashirin suka hau suka sauka, da yawansu ta hanyar kisa. Lituwaniya ta samu sarari ta janye Kiev da ƙasashen yamma daga hannunsu. Sannan Taimur, sarki mayaƙi na tsakiyar Asiya wanda shi ya ɗaga Tokhtamish tun farko, ya juyo ya yaƙe shi a 1391 da 1395, ya rusa Sarai da sauran biranen kasuwanci. Wannan dukan ya fi kowane yaƙi da Rashawa ciwo, domin kuɗin fito na fatake shi ne jijiyar daular. A ƙarni na 15 ta dare gida-gida: Kazan, Kirimiya, Astrakhan, da ragowar tsakiya.

Yaushe aka ce mulkin ya ƙare?

An saba cewa 1480. Ivan na Uku na Mosko ya daina kai haraji, Ahmad Khan, mai riƙe da ragowar tsakiyar daular, ya taso, rundunonin biyu suka yi makonni suna kallon juna a gaɓar kogin Ugra. Ahmad yana jiran taimakon sarkin Poland da Lituwaniya, bai zo ba, domin khan na Kirimiya, abokin Ivan, ya kai wa ƙasar wannan sarki hari. Sanyi ya shigo, kowa ya juya. Farkon 1481 wasu Tatar suka kashe Ahmad, a 1502 kuma Kirimiya ta gama da ragowar daularsa.

Ivan na Huɗu ya ci Kazan a 1552 da Astrakhan a 1556, kogin Volga ya koma hannun Mosko. Duk da haka Tatar na Kirimiya sun ƙone Mosko a 1571, kuma sai a 1700 aka daina aika musu da kuɗin da Rashawa ke kira kyauta, su kuma suke kira haraji.