Hoton Eko da Hawan Jinin Huhu: Tambayoyi da Amsoshi

Kullum aka auna mini jini a asibiti sai a ce lafiya lau. Ta ina hawan jinin huhu ya fito?

Awon da ake ɗaura maka a damtse labarin ɓangaren hagu na zuciya yake bayarwa, wanda ke tura jini ko'ina a jiki. Ɓangaren dama huhu kaɗai yake kai wa jini, kuma matsin can kaɗan ne, kusan 14 mmHg (ma'aunin matsin jini) ga mai lafiya. Idan matsakaicinsa ya haura 20, hawan jinin huhu ke nan, bisa ƙa'idar likitocin zuciya da huhu na Turai ta 2022. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda mutum zai daɗe yana haki in ya hau bene, ƙafa na kumbura, ana ta ba shi maganin asma, ba wanda ya leƙa zuciyarsa ta dama.

Yaya eko ke gane matsin alhali ba ta shiga jijiya ba?

Eko hoton zuciya ne da na'ura ke ɗauka ta amfani da sauti. Za a kwantar da kai ta gefen hagu, a shafa mai sanyi a ƙirji, a ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙari. Tsakanin ɗakin sama da ɗakin ƙasa na zuciya ta dama akwai ƙyaure, kuma yawancin mutane ɗan jini kan zille baya ta nan. Gudun wannan zillewar ake aunawa. A ce mita 3 ne a daƙiƙa: uku sau uku tara, sau huɗu 36 mmHg, wato bambancin matsin ɗakunan biyu. Don a ƙiyasta matsin jijiyar huhu, sai a ƙara matsin ɗakin sama, wanda ake ƙiyastawa daga faɗin babbar jijiyar da ke dawo da jini daga ciki, shi ya sa likita zai ce ka shaƙi iska da sauri ta hanci ya ga ko za ta tsuke. Gudun da ya wuce 2.8 abin zargi ne, wanda ya wuce 3.4 kuwa zargin ya yi ƙarfi.

Ƙarfin ɗakin ƙasa na dama fa?

Aunawa da wuya, don siffar jinjirin wata gare shi, ga shi ɓoye a bayan ƙashin ƙirji. Awon da aka fi yi shi ne TAPSE, wato nisan da gindin ƙyauren ke motsawa a kowane bugu. Ƙasa da milimita 17 alamar rauni ce. Ana kuma duba ko ɗakin ya buɗe, ko ya danne bangon tsakiya har ɗakin hagu ya koma kamar harafin D.

To in eko ta nuna, shi ke nan an tabbatar?

A'a, ƙiyasi ne. Tabbaci sai an zura siririn bututu ta jijiyar wuya ko ta cinya har jijiyar huhu. Masu sikila su suka fi buƙatar jin wannan. A wani bincike na Faransa da aka wallafa a 2011, kashi 27 cikin ɗari na manyan masu sikila sun nuna gudun 2.5 ko fiye, amma da aka sa bututu kashi 6 ne aka samu da cutar. Ƙarancin jini kansa yana sa zuciya ta ƙara gudu. Duk da haka kada a yi wasa da sakamakon, a koma wurin likita a bi diddigi.

Me ya fi jawo shi?

Ciwon ɓangaren hagu ne kan gaba: hawan jinin da aka yi sakaci da shi, ƙyauren da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya lalata, da raunin zuciya bayan haihuwa, wanda ya yawaita a Kano da Sakkwato da Zariya. Sai cututtukan huhu, gudan jini da ya toshe jijiyar huhu, da cutar ƙanjamau.

Na ji ana shan sildenafil don wannan. In saya?

Don Allah kada ka saya da kanka. Wani rukuni kaɗai yake yi wa amfani, kuma yana iya cutar da wanda matsalarsa daga hagu take. A 2009 an dakatar da gwajinsa kan masu sikila a Amurka, saboda masu shan sa sun fi kwanciya asibiti da ciwon ƙashi.