Ciwon jijiya na CIDP: amsar tambayoyin da ake ta maimaita mini

Tambayoyin da ake kawo mini daga ƙauyukanmu na Jigawa a kan CIDP, wato ciwon jijiya mai daɗewa da ke raunana hannu da ƙafa, kusan iri ɗaya ne kullum, don haka ga amsarsu a rubuce.

Shan inna ne?

A'a. Shan inna ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma yara ya fi kamawa. A CIDP garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana cin rufin jijiyoyin hannu da ƙafa, kamar yadda ɓera ke gaigaye robar wayar lantarki, sai ƙafafu biyu su yi nauyi, tashi daga tabarma ya gagara.

Ana ɗauka?

Ba a ɗauka. Ku daina ware wa mai ciwon kwano.

Na ji sauƙi, kuɗin mota ya yi mini yawa, zan iya daina shan prednisolone?

Malam, prednisolone magani ne mai danne garkuwar jiki, kada ka yanke shi rana ɗaya, domin jikin da ya yi makonni yana shan sa yakan rage samar da sinadari irinsa da kansa, kuma tsayar da shi farat ɗaya na iya kayar da mutum da amai da faɗuwar jini, ban da dawowar raunin. Sai dai ci gaba da sayensa a kemis har abada ma haɗari ne: yana tayar da suga da hawan jini, yana cinye ƙashi, yana iya farfaɗo da tarin fuka. Wani ana rage masa sannu a hankali ya zauna lafiya, wani kuwa ciwon kan dawo, a koma ga ƙarin ruwan IVIG, wato sinadaran garkuwa da ake tacewa daga jinin masu ba da gudummawa, ko tace jini, waɗanda tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin manoma. Ka faɗa wa likita gaskiyar aljihunka, ka roƙi ya rubuta maka tsarin ragewar, ka riƙa auna suga da hawan jini a asibitin kusa.

Sammu ne, tunda yana tafiya yana dawowa?

Halin ciwon ke nan. Ku yi addu'a, amma ku bar yi wa ƙafar da jinta ya ragu sakiya, gyambo kawai za ku jawo.

Ta yaya ake tabbatar da shi?

Sai raunin ya kai mako 8 yana ƙaruwa ko yana dawowa, sannan a auna gudun saƙo a jijiya, wani lokaci a ɗebi ruwan laka. Ku nemi takardar turawa zuwa likitan jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Idan kuwa raunin ya hau cikin kwanaki har numfashi ko haɗiya ya fara wuya, wannan na iya zama Guillain-Barré, wani ciwon jijiya mai kama da CIDP amma mai saurin hawa, a tafi asibiti a ranar.